Shekarar da siminti ya daskare a kan teku

A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, mutane da dama suka ajiye gini a linta, masu sayen tsohon gida su gyara su sayar kuma lissafi ya ƙwace musu. To yau za mu koma 1975, shekarar da kuɗin kayan gini da ladan ma'aikata suka rikice a lokaci guda.

Bayan yaƙin basasa sojojin Najeriya sun kai kusan 250,000, barikin da za a zuba su kuwa babu. Ana cikin haka sai farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 1973, kuɗi suka shigo wa gwamnatin Janar Gowon. Sai aka shiga odar siminti daga ƙasashen waje ba ji ba gani: tan miliyan 20, wajen miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro ne kaɗai. Ku riƙe wannan adadin, don tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin abin da take iya saukewa na siminti bai wuce tan miliyan 1 a shekara ba.

Kafin tsakiyar 1975 jirage sama da 400 sun yi cirko-cirko a bakin Legas suna jiran layi, fiye da rabinsu siminti suka ɗauko. Inda abin ya fi ciwo shi ne yarjejeniyar ta ce duk ranar da jirgi ya kwana bai sauke kaya ba, Najeriya za ta biya tarar dubban daloli. Wasu 'yan kasuwa da suka gano haka sai suka riƙa turo tsofaffin jirage, su dai a yi ta zama, kuɗin jira ya fi musu ribar kayan. Shi kuwa siminti, kowane birkila zai gaya maka, ba ya shiri da danshi. Wata da watanni a kan ruwa, wani ya daskare a cikin jirgin ya koma dutse. Sauran kayan da ake shigowa da su ma suka maƙale a bayan layi.

Ga kuma maganar lada. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi ga ma'aikatan gwamnati, aka biya har da ariyas na watanni. Ma'aikatan kamfanoni suka tafi yajin aiki suna neman nasu. Kuɗi suka cika hannu, kaya suka yi ƙaranci, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 1975. A ganina a nan mai ƙaramin gini ya fi jin jiki, don lebura da kafinta ba sa cikin lissafin Udoji, amma kasuwa ɗaya suke cefane da wanda ya karɓi ariyas, dole su ɗaga kuɗin yini.

Da Janar Murtala ya karɓi mulki ranar 29 ga Yuli 1975, gwamnatinsa ta taka wa odar birki, ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Kamfanonin da aka hana kuɗi suka garzaya kotunan Ingila da Amurka, aka shafe shekaru ana shari'a. Cunkoson kuma shi ya sa aka hanzarta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.