Masu Kwana a Keji

Wata ɗaliba ce ta tsokano wani dattijon masanin taurari, a makon da yake kwashe littattafansa zai yi ritaya. Ta gama digirin digirgir a kan gungun taurari masu nisa, ta kuma gaya masa, ko a jikinta, cewa ba ta taɓa taka dutsen da madubin da ta yi aiki da shi yake ba. Bayanan kan iso mata ta intanet da safe. Dattijon, wanda ya shiga harkar a ƙarshen shekarun 1960, ya kasa haɗiye maganar.

Shi a wurinsa ilimin taurari keji ne. A babban madubin Hale na dutsen Palomar a Kaliforniya, mai faɗin inci 200, wanda aka ƙaddamar a 1948, hawa ake da mutum har ƙolin bututun, a zaunar da shi a wani ɗan akurki da ke rataye bisa madubin. Nan zai kwana. Ido a kan tauraro guda, yatsu a kan maɓallai, da tauraron ya goce daga tsakiya sai ya maido shi, awa biyu, awa huɗu, wani lokaci har asuba. Ba a ɗumama ɗakin, don ɗumi na sa iska rawa, hoto ya lalace. Sai dai a zura rigar matuƙan jirgin yaƙi mai lantarki, ragowar Yaƙin Duniya na Biyu. Batun fitsari kuwa, kowa da dabararsa, kuma ba a tambaya.

In ya zo kan farantin gilashin ɗaukar hoto, sai a gyara zama. Da rana ake yanka shi a ɗakin duhu, da lalube. Gefe ɗaya ne ke shafe da maganin hoto, kuma hanyar gane shi ita ce a ɗan taɓa kusurwa da harshe: inda ya manne, nan ne. Wanda ya sa shi a baibai ya yi kwanan banza. A shekarun 1970 aka koma gasa farantin cikin iskar naitrojin, a bi shi da haidrojin don ya ƙara jin haske, kowace tasha tana riƙe da ma'auninta kamar lakanin gado.

Daga nan sai labarin ya zame masa baya, zuwa Milton Humason, wanda bai riska a bakin aiki ba amma ya taso cikin hirarsa. Humason ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya yi korar alfadarai masu hawa da kayan gini dutsen Wilson, a 1917 aka ɗauke shi shara. Daga shara ya zama mai taya aikin dare, daga nan ya zama hannun da ya auna gudun ɗaruruwan gungun taurari tare da Edwin Hubble, yana tara hasken faranti ɗaya dare bayan dare. Shi ma Hubble, a farantinsa na Oktoba 1923 ne ya gano tauraron da ya nuna Andromeda na wajen gungunmu, ya yi masa alama da jan tawada da hannunsa.

Akwai abin da dattijon ke tsallakewa da sauri. A lokacin, masaukin dutsen na maza ne zalla, har ana kiransa gidan sufaye, kuma sai a 1965 aka ba Vera Rubin izinin aiki a Palomar. Daɗin wancan zamani bai kai ga kowa ba.

Abin da ya ture keji ɗan guntun silikon ne. Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro CCD a 1969. Faranti kan kama 'yan ƙalilan cikin kowace ƙwayar haske ɗari, CCD kuwa sama da 80. A shekarun 1980 aka sauko da masana ɗaki mai ɗumi, gaban allo. Masu amfani da madubin Keck a Hawai'i suna zaune a garin Waimea, dutsen na can sama da mita 4,000. Tashar da ke ɗauke da sunan Rubin a Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025, kyamararta megafiksel 3,200 ce, tana tara kusan terabait 20 a dare guda. Babu idon da zai bi wannan.

Dattijon bai musa cewa injin ya fi shi ba. Da injin aka gano a 1998 cewa buɗewar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Abin da ke ci masa rai shi ne jin sababbin shiga na kiran faranti tarkace, alhali Harvard ta tara kusan rabin miliyan tun daga shekarun 1880, an kuma yi shekaru ana kwafe su cikin kwamfuta har 2024, domin mai son sanin abin da wani tauraro ya yi a 1900 ba shi da wata madogara.

Sai kuma ƙofar Humason, wadda yake ganin an toshe. Har yau akwai masu tuƙa madubi da dare, su kaɗai ma suka rage suna kwana a dutse, su suka san iskar wurin da kukan kowane inji. Amma ba a ɗaukar mai shara a wannan aiki yanzu, sai mai takarda, kuma idan bincike ya fito, da ƙyar ake ganin sunansu ko a layin godiya.