Daga Akushin Unguwa zuwa Tikitin Jami'a: Tarihin Ciyar da Ɗalibai a Zariya

Sanin kowa ne tun kafin zuwan Turawa birnin Zazzau matattarar masu neman ilmi ne, musamman nahawu da lugga. Ɗalibi kan baro garinsu ya sauka a Unguwar Juma ko Kona, ba shi da uwa ba shi da dangi, sai malaminsa. Abin da aka fi mantawa a tarihin nan shi ne cikin ɗalibin, watau wanda ke ciyar da shi a shekararsa ta fari.

A tsohon tsari unguwa ce ke ɗaukar wannan nauyi. Yaro ƙarami ya yi bara, babba kuwa a yanka masa akushi a wani gida. Tuwon dawa ne da miyar kuka, sai koko ko ɗumame da safe, wani lokaci fura. Ba rayuwar jin daɗi ba ce, domin yunwa ta fi ƙoshi yawa. Amma tsabar da ba a cire mata dusa sarai ba takan narke sannu a hankali, suga ya shiga jini kaɗan-kaɗan, ga kuma tafiyar ƙasa da noman gonar malam da damina.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, sai ɗa ya fita ta Ƙofar Doka zuwa Kongo ko Samaru, ya tarar da wata duniya. Tikiti yake miƙawa a ɗakin cin abinci sau uku a yini, gwamnati ta biya kaso mafi tsoka. Da safe shayi da burodi da ƙwai, da rana shinkafa da nama. Waɗanda suka ci wannan zamani har yau suna ba da labarin kajinsa. Ta fuskar lafiya an samu riba, an kuma shigo da sabon abu. An samu nama da ƙayyadadden lokacin ci, wanda jiki ke so. Amma farin fulawa da farar shinkafa da sukari suka zama abincin yau da kullum, kuma aka ɗauke su alamar wayewa.

Tikitin nan ya zama siyasa, har aka zubar da jini a kansa. Ran 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, a rikicin da ya taso daga ƙorafin abinci. A Afrilu 1978 kuma aka ƙara kuɗin abinci da na masauki, ɗalibai suka fito suna neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya. Sojoji suka yi harbi a Samaru, aka rasa rayuka, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, Farfesa Iya Abubakar ya bar kujerar shugabancin jami'ar. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta janye tallafin ciyarwar, aka bar ɗalibi da masu sayar da abinci da ɗan rishonsa.

A Amurka akan ce sabon ɗalibi yana ƙara nauyin kusan kilo 7 a shekarar farko, ko da yake bincike ya nuna yawanci kilo 1 ne zuwa 2. Matsalar Zariya ta sha bamban, domin aljihu ne ke yanke hukunci. Ɗalibi ya wuni da yunwa, da dare ya haɗa taliyar Indomie da burodi da lemon kwalba a teburin mai shayi. Irin wannan ci na sa suga ya hau jini gaba ɗaya, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin, gishirin ɗanɗano kuma ya taimaka wa hawan jini. Ba a shekara ɗaya ciwon suga ke bayyana ba. Ɗabi'ar ce ke kafuwa a lokacin, ciwon ya biyo baya bayan shekaru, sa'ad da mutum ya kama aikin ofis ya daina tafiyar ƙasa.