Babi na Uku: Ginshiƙin Bincike a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

A kundin digiri na yawancin jami'o'inmu, babi na uku ne ke ɗauke da hanyoyin gudanar da bincike, kuma shi ne babin da ɗalibi ya fi saurin gamawa. Sai ya ɗauko na wanda ya gabace shi, ya sauya sunan ƙaramar hukuma da yawan mutane, ya raba takardun tambayoyi, ya zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS. Matsayin wannan maƙala shi ne, a ilimin halayyar ɗan Adam darajar kundi gaba ɗaya a kan wannan babi ta rataya, domin aikinsa toshe kafofin da mai bincike zai iya yaudarar kansa ta cikinsu.

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus mai suna Hans, wanda mai shi, Wilhelm von Osten, ya ce ya iya lissafi. A tambaye shi uku a tara da biyar, ya buga kofato sau takwas ya tsaya. A 1904 kwamitin mutum 13 ƙarƙashin Carl Stumpf ya bincika, bai sami wata zamba ba. Oskar Pfungst ne ya sauya salon tambayar. Wani lokaci ya sa wanda ya san amsa ya tambayi dokin, wani lokaci wanda bai sani ba, wani lokacin kuma ya kare wa dokin ido. Idan mai tambaya ya san amsa, Hans kan dace a kashi 89 cikin 100. Idan bai sani ba, kashi 6 kacal. Ashe dokin jikin mutum yake karantawa: da ya iso adadin da ake jira, mai tambaya kan ɗan ɗaga kai ba tare da ya sani ba, dokin kuma ya tsaya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma ga jama'a sun gani da idonsu, kuma abin da suka fahimta kuskure ne. Abin da Pfungst ya yi, wanda ya wallafa a 1907, shi ne tushen gwaji: a sauya abu ɗaya, a riƙe saura yadda suke, a ga abin da zai biyo baya.

Kada a ɗauka wannan ciwon 'yan kallo ne kawai. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode sun raba wa ɗalibai ɓeraye, suka ce wa wasu nasu masu basira ne, wasu kuma daƙiƙai, alhali duk iri ɗaya ne. Ɓerayen da aka yaba sai suka fi saurin gane hanya, saboda zaton masu riƙe da su ya shiga cikin yadda suke kula da su. Shi ya sa gwaji mai inganci ke ɓoye wa mai aunawa da wanda ake aunawa rukunin da kowa yake, kuma ƙuri'a ce ke raba mutane rukuni-rukuni.

Takardar tambayoyi ba ta da wannan ƙarfi. Za ta iya nuna cewa ɗaliban da ke daɗewa a kan waya sun fi damuwa, amma ba za ta faɗi wanne ya haifi wanne ba. Mai yiwuwa damuwar ce ta kai su ga wayar, ko kuma rashin barci ne ya jawo duka biyun. Kundin da ya sa "tasiri" a takensa alhali alaƙa kaɗai ya auna, ya faɗi abin da ba shi da hujjarsa.

Sai kuma batun su wa aka auna, wanda a ganina ya fi shafarmu. Mai sayen gero a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ta ƙasa. Wannan fanni ya daɗe yana ɗiba daga bakin buhu. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na fannin a 2008, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga Amurka suke, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kawai na al'ummar duniya. Bambancin kuwa har ga gani da ido ya kai: binciken Segall da Campbell da Herskovits na 1966 ya nuna cewa zanen Müller-Lyer, inda layi biyu masu tsawo ɗaya ke bayyana kamar wani ya fi wani, ya fi ruɗar Amurkawa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar yake ruɗarsu.

To ina ga ma'aunin da aka tsara don auna ƙaunar uwa ga ɗanta? Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban surukai, kunya take yi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haka. Ma'aunin da aka gina a kan iyalan Amurka zai iya rubuta ta a matsayin wadda ba ta damu da ɗanta ba. Haka matar aure da baƙon namiji ya tsare da tambayoyi a zaure, mijinta na zaune, "lafiya lau" za ta ce ko da kwana take kuka. Alƙaluma za su fito tsaf, amma ladabi aka auna.

Ko a ƙasashen Yamman ma, ba duk abin da aka wallafa ne ya tabbata ba. A 2015 masana 270 ƙarƙashin Brian Nosek sun maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallu. A asali 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi ta fuskar ƙididdiga; da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin 100 ne suka sake bayarwa. Daga cikin gyaran da ya biyo baya akwai rubuta hasashe da hanyar nazari a ajiye tun kafin a tattara bayanai, don kada mai bincike ya yi ta juya alƙaluma har su faɗi abin da yake so.

Wani zai ce ba mu da kuɗi, ba mu da ɗakunan gwaji. Gaskiya ne, amma ƙuri'a ba ta cin kuɗi, haka gwada tambayoyi a kan mutum ashirin kafin a raba wa ɗari uku, haka tura mace ta tambayi mace. Ina kira ga malamai masu duba kundi da kada su sa hannu a babi na uku sai ɗalibi ya faɗi da bakinsa wane bayani ne daban zai iya haifar da sakamakonsa, da kuma matakin da ya ɗauka don kawar da shi.