Akwatin kayan gyaran Rolls-Royce da ma'aunin Whitworth

A 1907 aka gwada wata Rolls-Royce da ake kira Silver Ghost a tafiyar mil 15,000 a Birtaniya, ta kammala ba tare da wata babbar matsala ba. Amma mota, komai nagartarta, ba ta rasa ranar tsayawa, kuma a wancan zamani garejoji ba su yawaita ba. Direban gida shi ne makanike. Saboda haka kamfanin yake sayar da mota tare da kayan gyaranta: sifanoni, guduma, abin ɗaga mota, famfon taya da na zuba mai. Har makaranta ya buɗe don horar da direbobi.

Mai son haɗa irin wannan akwati yau, ma'auni ne farkon abin da zai kayar da shi. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara ma'aunin bai ɗaya na zaren kusoshi a Ingila, mai kusurwa digiri 55, kuma da shi da ƙaninsa BSF aka ɗaure waɗannan motoci har bayan yaƙin duniya na biyu. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth kaurin kusa take nufi, ba faɗin kanta ba. Wanda ya saba da milimita, kamar makanikanmu da suka tashi a kan Peugeot, in ya sa sifanarsa sai ta kusan kamawa, sannan ta cinye kan noti. Waɗanda suka taɓa tsohuwar Land Rover sun san wannan takaici.

Ba duka kayan kamfanin ya ƙera da kansa ba. Wasu daga masana'antu irin su Lucas da Dunlop suka fito, don haka rashin tambarin Rolls-Royce ba ya nuna jabu. Littafin da ya zo da motar shi ke faɗin abin da ya kamata a samu. A motocin bayan yaƙi, irin su Silver Cloud ta 1955, ƙananan kayan suna kwance cikin faranti na roba, kowane da gurbinsa, ramin da ya zauna wayam ya tona abin da ya ɓace.

Wajen ajiya, laima ce abokiyar gaba, zafi kuma yana busar da robar har ta tsattsage. A shafe ƙarfe da ɗan mai, a ajiye a inuwa. Masu goge kayan da sandfefa don su yi ƙyalli, a ganina ɓarna suke yi, domin tare da tsatsar suke kankare tambarin maƙerin da lambar ma'aunin.