Baƙar Giyar Cahors: Tarihin Manoman da Suka Dogara da Amfani Ɗaya

Gabatarwa

Na san da ganin kan wannan 'yar maƙala wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce, "Af! Me ya haɗa ɗalibin Hausa da giya, har zai kawo mana ita cikin mujallar ƙungiya?" To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Ban taɓa kai ta bakina ba, kuma matsayinta a addininmu ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin manoman da ke noma inabin da ake yin ta da shi.

Asalin abin kuwa shi ne, a darasin Faransanci da muka ɗauka bara, malaminmu ya ba mu wani ɗan rubutu a kan garin Cahors ya ce mu fassara shi zuwa Hausa. Ina cikin fama da ƙamus sai na ji labarin yana yi mini kama da wanda kakana ya sha ba mu game da noman gyaɗa. Wannan ne ya sa na shiga ɗakin karatu na ƙara bincikawa, kuma abin da na samo ne nake son in gutsura wa masu karatu.

Ƙasar da Inabinta

Cahors, wanda Faransawa ke furtawa Ka'or, ɗan ƙaramin birni ne a kudu maso yammacin Faransa, mutanensa kimanin 20,000. Shi ne babban birnin lardin Lot, kuma kogin Lot ya kewaye shi ta gefe uku. Ƙasar ƙauyuka ce. A bakin kogi akwai fadama mai tsakuwa, a sama kuma akwai tuddai na farin dutse masu ƙarancin ruwa, inda hatsi ba ya yin kirki amma inabi da tumaki suna jurewa. Tun zamanin Rumawa, lokacin da ake kiran garin Divona, ake shuka inabi a wannan kwari.

Irin inabin da ƙasar ta shahara da shi duniya ta san shi da sunan Malbec, su kuwa mutanen wurin Auxerrois ko Côt suke ce masa. Baƙin inabi ne mai yawan launi a ɓawonsa. Wajen yin jar giya ana barin ruwan inabin ya ruɓa tare da ɓawon da ƙwayayen, ta haka launi da bauri suke shiga cikinsa. Sinadarin da ke kawo wannan bauri shi ake kira tanin, kuma Bahaushe ya san shi ko da bai san sunan ba, domin danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne kuma ke kama harshen wanda ya sha shayin da ya daɗe a kan wuta. Kamar yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa, haka tanin ke taimakon giya ta jure tafiya da ajiya. Saboda duhun launinta ne aka yi mata laƙabi da baƙar giya.

Zamanin Arziki

A shekarar 1152 Eleanor, mai mulkin ƙasar Aquitaine, ta auri Henry Plantagenet, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154. Wannan aure ya sa birnin Bordeaux da tashar jiragen ruwansa suka koma ƙarƙashin sarautar Ingila har zuwa 1453. Ingilawa na shan giya amma ƙasarsu ba ta ba da inabi sosai, saboda haka sai kasuwa ta buɗe. Manoman Cahors sukan ɗura giyarsu a gangunan katako, a loda a manyan kwale-kwale, a gangara kogin Lot zuwa inda ya haɗu da kogin Garonne, daga nan sai Bordeaux.

Garin ya yi arziki ƙwarai a ƙarni na 13 da na 14. Attajiransa sun bazu cikin Turai suna fatauci da ba da bashi da ruwa, har sunan garin ya zama baƙar magana ga duk mai cin riba. Mawaƙin nan na Italiya, Dante, ya ambaci Cahors cikin waƙensa na wuta saboda wannan hali. A 1308 aka fara gina gadar Valentré mai hasumiya uku, wadda har yau tana tsaye. A 1316 wani ɗan garin, Jacques Duèze, ya zama Paparoma John na 22, ya kuma kafa wa garinsu jami'a, wadda ta rayu har 1751 kafin a haɗe ta da ta Toulouse. Daga baya sunan giyar ya kai har Rasha, inda coci ya riƙa amfani da ita wajen ibada. Har yanzu Rashawa na kiran wata jar giya mai zaƙi kagor, ko da yake ba a Cahors ake yin ta ba.

Masu Tsaron Ƙofa

Amma fa duk wannan arziki yana da ƙofa ɗaya tak, watau Bordeaux, kuma masu ƙofar su ma manoman inabi ne. Tun daga ƙarni na 13 shugabannin Bordeaux suka sami izini daga sarakunan Ingila na hana giyar ƙasashen tudu shiga tasharsu sai bayan wata ƙayyadaddiyar rana. Da farko ranar 11 ga Nuwamba ce, daga baya aka kai ta har Kirsimeti.

Mai karatu zai ce to mene ne a ciki, ai jinkirin 'yan makonni ne. Amsar tana cikin yadda cinikin yake a wancan zamani. Ba a fara ajiye giya a kwalba ba tukuna, a ganga take zama, kuma ta bana ake nema, don ta bara ta kan yi tsami. Jiragen Ingila kan zo da kaka, da zarar an gama matsar inabi, su yi lodi su juya kafin teku ta ɓaci da hunturu. Ashe ke nan kafin a buɗe wa mutumin Cahors ƙofa, mutumin Bordeaux ya riga ya sayar da tasa da tsada, jirage sun tashi. Sai dai ya jira jiragen bazara, ko ya sayar wa dillalan Bordeaux yadda suka ga dama. Abin takaici kuma, a shekarun da giyar Bordeaux ta fito fara-fara ba ƙarfi, da baƙar giyar tudu ake surka ta a gyara mata launi, a sayar da sunan Bordeaux. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da Ingilawa suka fita a 1453 abin bai canza ba, don sarakunan Faransa sun bar wa Bordeaux gatanta saboda neman goyon bayanta. Sai a 1776 ministan kuɗi Turgot ya soke wannan doka. Shi ma bai daɗe ba aka sauke shi a cikin shekarar, aka mayar da wani sashe na gatan, har sai da juyin juya halin 1789 ya share shi gaba ɗaya. Watau dai shekara ɗari biyar da ɗoriya manoman nan suna noma wani yana yanka musu farashi.

Annoba

Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya dira a kan inabi. A tsakiyar ƙarni na 19 gonakin inabi a lardin Lot sun wuce hekta 40,000, har tuddan farin dutsen nan an bi su an dasa. Mutanen lardin a lokacin sun kai kimanin 295,000.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, dangin darɓa, ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashen inabi. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, kuma sai a 1868 wani masanin tsirrai, Jules-Émile Planchon, da abokan aikinsa suka tono saiwa suka gan shi. A ƙarƙashin ƙasa yake aikinsa, yana tsotsar saiwa har ta ruɓe, kafin manomi ya ga ganye ya yi rawaya aikin gama ya gama. Ya iso kwarin Lot wajen ƙarshen shekarun 1870, cikin 'yan shekaru kuwa ya cinye mafi yawan gonakin.

Maganin da aka samo shi ne aure, kamar dai yadda muke auren mangwaro. Inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa na jure masa, saboda haka sai a dasa na Amurka a ɗaura masa reshen na Faransa. Wannan dabara ta ceci wurare da yawa, amma a Cahors ta yi gardama. Saiwoyin Amurka na farko ba sa son ƙasa mai farin dutse, kuma Malbec da aka aura musu yakan zubar da fure ya ƙi 'ya'ya. Ga shi sabon dashe na son kuɗi da jiran shekaru, talakan manomi kuwa ba shi da ko ɗaya. Bugu da ƙari, jirgin ƙasa ya fara kwararo giya mai araha daga Languedoc, sannan 'yan mulkin mallaka suka mayar da filayen Aljeriya gonakin inabi, giyar can ta karɓe aikin surkin da ta Cahors ke yi a da. Samari suka tattara suka nufi birane da ƙasashen waje, yaƙin 1914 ya cinye wasu. A ƙidayar 1954 mutanen lardin ba su kai 150,000 ba, watau rabi ya tafi.

Farfaɗowa

A 1947 wasu manoma suka kafa ƙungiyar gama-kai a ƙauyen Parnac da nufin dawo da tsohon irinsu. Ba su yi nisa ba sai ga muku-mukun sanyin Fabrairun 1956, wanda ya daskarar da itatuwan ya kashe mafi yawansu. Duk da haka suka sake dasawa, wannan karon da Malbec a kan saiwar da ta dace da ƙasarsu. A 1971, zamanin shugaba Georges Pompidou wanda ke da gida a garin Cajarc cikin lardin, gwamnati ta ba su shaidar kare suna. Bisa wannan doka ba mai rubuta Cahors a kwalba sai inabinsa ya fito daga ƙauyukan da aka ƙayyade, kuma aƙalla kashi 70 cikin ɗari Malbec ne, sauran Merlot ko Tannat. A lokacin filin bai kai hekta 500 ba, amma a farkon shekarun 2000 ya haura 4,000.

Sai dai kafin su farka wani ya riga su. Tun a 1853 aka ɗauko wani Bafaranshe masanin noma, Michel Aimé Pouget, zuwa Mendoza ta ƙasar Ajantina, kuma shi ake danganta wa shigar da Malbec can. Irin ya karɓi ƙasar har ya fi yadda yake a gida. A yau Ajantina na da fiye da hekta 40,000 na Malbec, ninki goma na Cahors, kuma a wurin yawancin masu saye a duniya Malbec kayan Ajantina ne. Ta kai har mutanen Cahors suka fara rubuta sunan Malbec a kwalabensu don su ci albarkacin sunan da baƙi suka yi wa irinsu.

Kammalawa

Na ce labarin nan ya tuna mini da kakana. Ya kan ce tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama ita ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure. Shi ya noma, amma hukumar saye ce ke yanka farashi, dalar gyaɗa kuma a birni aka gan ta. Da farin 1973 ya wuce, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, darɓa ce kuma ta yaɗa ta. Ya ce a shekarar ko irin da ya zuba bai mayar ba, kuma daga nan ƙannensa biyu suka tafi ci-rani ba su sake zama gida ba.

Ban ce inabi da gyaɗa ɗaya ba ne, kuma ban ce mu yi sha'awar sana'ar mutanen Cahors ba. Abin da na gani shi ne abubuwa uku suka kayar da su: amfani ɗaya, hanyar kasuwa ɗaya da ke hannun wani, da rashin ilmin cutar da ta zo musu. Abubuwa uku kuma suka tashe su: haɗa kai, binciken masana a kan iri, da dokar da ta kare sunan kayansu. Mu da muka fito daga gidajen manoma ya kamata mu tambayi kanmu wa ke riƙe da ƙofar riɗinmu da zoɓorodonmu a yau, da sunan wa kuma ake sayar da su a ƙetare. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana ɗaliban Hausa da mu ɗauki alƙalami mu je wurin tsofaffin da suka ga zamanin gyaɗa tun suna raye. Faransawa sun rubuta tarihin manomansu har da ranaku, shi ya sa ni da ban taɓa zuwa can ba na iya karanta shi. Namu kuwa mafi yawansa yana bakin kakanninmu. Allah ya ba mu ikon rubuta shi, amin.