Sojan da Ya Kafa 'Yan Sikawut, da Abin da Ya Haɗa Shi da Kumasi

Jama'a, iyaye da dama sun tambaye mu asalin 'yan sikawut, waɗannan yara masu ɗaura ƙyalle a wuya, tun da aka fara sa 'ya'yanmu a ciki a makarantun boko. To, ga tarihin a taƙaice.

Wanda ya kafa ta sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell, an haife shi a Landan a 1857. Mu mutanen Gana ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana cikin rundunar Turawa da ta shiga Kumasi a Janairun 1896 ta kama Sarkin Asante, Prempeh na Farko. Shi ne ya jagoranci 'yan ƙasa masu share hanya da leƙen asiri a gaban runduna. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne: mutumin ma'aikacin mulkin mallaka ne.

Daga baya aka tura shi Afirka ta Kudu, inda mayaƙan Bowa, wato Turawan da suka zauna can, suka kewaye shi a garin Mafeking kwana 217, daga 1899 zuwa 1900. Da maza suka yi ƙaranci, sai aka sa yara kai saƙo da wasiƙu. Nan ya ga cewa yaro in ka ba shi amana, yakan riƙe.

A Agustan 1907 ya kwashi yara wajen ashirin, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya yi zango da su a tsibirin Brownsea. Ya kasa su gida huɗu, kowane gida yaro ne shugabansa. Suka koyi kafa tanti, bin sawu da ceton rai. A 1908 ya fitar da littafinsa Scouting for Boys, yara suka rinƙa haɗa ƙungiyoyi da kansu a duk faɗin Birtaniya. A 1910 ya ajiye aikin soja ya rungumi wannan. Ya rasu a Kenya a 1941.

To, mene ne namu a ciki? Ba ma mance Kumasi ba, amma ba ma ƙin dabara mai amfani don wanda ya kawo ta. Mu duba makarantunmu: yaushe rabon da mu damƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu wani aiki, mu ce kai ne mai shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.