Artur Beterbiev: ɗan damben Rasha da ya buge mutum 20 a jere

Masu bibiyar shirinmu na wasanni, yau mun kawo muku tarihin Artur Beterbiev, ɗaya daga cikin masu hannu mafi nauyi a damben zamani. Yana dambe ne a ɗaya daga cikin rukunonin da ke ƙasa da na manya-manyan ƙarti, inda ba a yarda ɗan dambe ya wuce kilo 79 da ɗan ɗoriya ba ranar awo.

Asalinsa

An haife shi ranar 21 ga Janairun 1985 a garin Khasavyurt na yankin Dagestan, a kudancin Rasha. Ɗan ƙabilar Chechen ne, kuma Musulmi.

Damben wakiltar ƙasa

Kafin ya shiga damben kuɗi, ya daɗe yana kare tutar Rasha a damben da ba lada sai lambar yabo. Ya ci zinaren Turai a 2006 da 2010. A gasar duniya ta 2007 a Chicago ya samu azurfa, sannan a 2009 a Milan ta Italiya ya ɗauko zinare.

Olamfik ce kawai ta ƙi shi. A Beijing a 2008 ɗan Chaina Zhang Xiaoping ya fitar da shi. A Landan a 2012 ya hau rukunin kilo 91, sai ya ci karo da Oleksandr Usyk na Yukiren, wanda ya doke shi da maki a matakin kusa da na kusa da ƙarshe. Usyk ɗin nan shi ne daga baya ya zama sarkin manyan ƙarti na duniya.

Damben kuɗi

Sai a 2013, yana da shekara 28, ya koma Montreal a Kanada ya zama ƙwararre a hannun koci Marc Ramsay. To, kun san shekara 28 ba farkon tashi ba ne a dambe. Ga kuma rauni da rigimar kwangila da suka riƙa cinye masa lokaci, har akwai shekarun da sau ɗaya tak ya hau fage.

Amma duk wanda ya tsaya gabansa bai kai ƙarshen wasa ba. A damben duniya manyan kambuna huɗu ne, ga yadda ya tara uku:

A Nuwamban 2017 ya buge Enrico Koelling na Jamus a turmi na 12, ya ɗauki kambun IBF.

A Oktoban 2019 ya gama da Oleksandr Gvozdyk a turmi na 10, ya ƙara na WBC.

A Yunin 2022 a New York, turmi biyu kacal Joe Smith Jr. ya yi, kambun WBO ya tafi.

Ba wai bai sha wuya ba. A 2018 Callum Johnson na Ingila ya kai shi ƙasa a turmi na 2, ya tashi ya buge shi a na 4. A 2021 goshinsa ya tsage a karonsa da Marcus Browne, jini na zuba, duk da haka ya kammala aikin a turmi na 9. Salonsa shi ne matsa wa mutum lamba, ya tare masa hanya, ya riƙa kai gajerun naushi a ciki da haƙarƙari har ƙarfi ya ƙare. Zuwa Janairun 2024, da ya buge Callum Smith, wasa 20 ya yi, duka 20 babu wanda ya kai ga hukuncin alƙalai.

Karo biyu da Bivol

Kambu na huɗu, na WBA, yana hannun wani ɗan Rasha, Dmitry Bivol, mai saurin ƙafa da iya kauce wa naushi, wanda Beterbiev ya girme shi da kusan shekara shida. An sa ranar haɗuwarsu a Yunin 2024, sai Beterbiev ya ji ciwo a gwiwa aka ɗage.

Ranar 12 ga Oktoban 2024 suka haɗu a Riyad ta Saudiyya. A karon farko a damben kuɗi, Beterbiev ya cika turmi 12 bai buge abokin karawarsa ba. Alƙalai biyu suka ba shi nasara, ɗaya ya ce kunnen doki. Da haka ya zama na farko a rukunin da ya haɗa kambunan huɗu a hannunsa, ko da yake wasu masu sharhi sun ga cewa Bivol ne ya ci.

Ranar 22 ga Fabrairun 2025 aka sake, a Riyad ɗin dai. Beterbiev, mai shekara 40, ya fi ƙarfi a tsakiyar wasan, amma daga baya Bivol ya ƙwace ragama. Hukunci ya juya: biyu ga Bivol, ɗaya kunnen doki. Wannan ce faɗuwarsa ta farko, bayan nasara 21.

Ƴan uwa na gida da na ƙetare, ku turo mana ra'ayinku: a turmi 24 ɗin nan, wa kuke ganin ya fi?